Yadda Ake Gane Haɗin Zobe a Manhajojin Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa, da Yadda Ake Warware Shi

Haɗin zobe shi ne ka shiga kwamfuta ta biyu daga taka, sannan kana cikin ta biyun ka sake buɗe haɗi zuwa ta farkon. Wani lokaci kwamfutoci uku ne a zoben: ta gida ta shiga ta ofis, ta ofis ta shiga sabar, sabar kuma ta dawo ta gida. Wani lokaci ma kwamfuta ɗaya ce tal, ta kira kanta ta amsa wa kanta. Ba kasafai ake yin haka da gangan ba. Yawanci mutum ne ya buɗe allo cikin allo har ya manta wace kwamfuta yake ciki, tunda duk fuskar Windows iri ɗaya ce.

Kafin a kai ga magani sai an san wace irin manhaja ce a hannu, domin kashi biyu ne, kuma ɓarnar da zobe ke yi wa kowanne daban ce.

Masu ɗauke zama da masu haska allo

Kashi na farko shi ne RDP na Microsoft, wato Remote Desktop, wanda ake buɗewa da manhajar mstsc, yana saurare a ƙofa ta 3389 (ƙofa ita ce lambar da manhaja ke karɓar haɗi ta cikinta, wato port). Shi ba hoton allonka yake aikawa kawai ba, zamanka gaba ɗaya, wato asusunka da duk abin da ka buɗe a ciki, yake ɗaukewa daga allon da ke gabanka ya kai shi ga wanda ya shigo. Windows 10 da 11 na Pro zama ɗaya suke yarda da shi a lokaci guda. Na Home kuwa ba ya karɓar haɗin RDP sam, sai dai ya fita zuwa wata.

To ga abin da zai faru. Kana zaune gaban ta gida, ka shiga ta ofis. A cikin ta ofis ka buɗe mstsc ka sa adireshin ta gida da asusunka. Kana danna shiga, allon da ke gabanka zai kulle ya nemi kalmar sirri. Ba lalacewa ta yi ba. Windows ce ta miƙa zamanka ga ta ofis, alhali ita ta ofis ɗin a cikin wannan zaman kake kallonta. Kowacce tana riƙe da ɗaya, kai kuma kana waje. Idan da wani asusun daban ka shiga, za a fito da tambaya ko a kori wanda ke ciki, a ba shi daƙiƙa 30 ya amsa. Wanda za a kora ɗin kai ne.

Abin lura: mstsc yakan ƙi idan ka sa masa adireshin kwamfutar da yake ciki kai tsaye, ya ce akwai zaman da ke gudana. Amma idan ka zagayo ta wata kwamfuta ba ya ganewa. Kada a dogara da shi.

Kashi na biyu su ne masu haska allon da ke nan yadda yake: dangin VNC irin su TightVNC, UltraVNC, TigerVNC da RealVNC, waɗanda ke amfani da ƙofa ta 5900 zuwa sama, sai AnyDesk, TeamViewer, RustDesk da Chrome Remote Desktop. Waɗannan ba sa kulle kowa a waje. Abin da suke yi ya fi haka ciwon kai. Duk wanda ya taɓa zama a shagon aski mai madubi gaba da baya ya san hoton: taga cikin taga cikin taga, suna ƙanƙancewa har ido ya kasa bi.

Hoton ba shi ne matsalar ba, abin da ke haifar da shi ne. Manhajar tana aika sashen allon da ya canza ne kawai. A zobe kuwa, duk hoton da ya iso shi kansa canji ne a allo, sai a sake ɗaukarsa a aika, ya dawo, ya sake zama canji. Allo ba ya taɓa tsayawa. Allo mai girman 1920 da 1080 ya haura ɗigo miliyan 2, ɗanyen hotonsa guda ɗaya ya kai wajen megabait 8 kafin a matse shi. Furosesa za ta yi ta matsewa ba hutu, fanka ta hau kuka. Ga mai sayen data kuwa lissafin mai sauƙi ne: haɗin da ke cin megabit 5 a daƙiƙa yana cinye gigabait 2.25 a awa ɗaya. Zoben da aka manta da shi daga la'asar zuwa asuba ya isa ya ƙarar da datar wata.

Sai linzami da madannai, inda abin ya fi ban haushi. Ka motsa kibiya a cikin tagar, manhaja ta aika wurin da take, ɗaya ɓangaren ya matsar da kibiyar gaske zuwa can, wannan matsawar ta sake faɗawa cikin tagar a matsayin sabon motsi. Sai ka ga kibiya tana tsalle ita kaɗai ko ta gudu ta maƙale a kusurwa. Harafi ɗaya da ka danna zai iya ta maimaita kansa, domin duk dannawar da aka aika tana dawowa cikin tagar da ta aika ta. Idan tsautsayi ya sa Enter ne ko Delete, kuma akwai jakar fayiloli a buɗe, sai dai a yi ta addu'a.

Hanyoyin da ake faɗawa ciki

Ta farko mantuwa ce, an riga an faɗe ta. Cikakken allo ne ke jawo ta, domin yana ɓoye duk alamar cewa ba a gida kake ba.

Ta biyu ta fi kama ƙwararru: bututun SSH, wato hanya mai tsaro ta shiga wata kwamfuta, wadda ake iya tura haɗin wata manhaja ta cikinta. Mutum ya rubuta

ssh -L 5901:localhost:5900 suna@sabar

domin ya kai VNC ta hanya mai tsaro. Daidai ne ya nufi localhost, wato kwamfutarsa ita kanta, ƙofa ta 5901. Idan hannu ya zame ya nufi 5900, kuma akwai VNC mai karɓa a kwamfutarsa, to kansa ya kira. Don haka a zaɓi lambar da ta yi nisa da ta asali, kamar 15900 don VNC ko 13389 don RDP, yadda ido ba zai ruɗe ba. A Mac, manhajar Screen Sharing takan ƙi ta ce ba za ka iya sarrafa allonka ba, kuma wannan saƙon yakan fito ko da bututun daidai ne muddin 5900 aka yi amfani da ita a gida. Canza lambar ya wadatar.

Ta uku adireshi ne. Rauta da yawa suna zuwa daga kamfani da jerin 192.168.0 ko 192.168.1, ba wanda ya damu ya canza. Idan gida da ofis jeri ɗaya suke, ka kunna VPN, wato hanyar da ke haɗa ka da sadarwar ofis daga nesa, ka nufi 192.168.1.10 da nufin ta ofis, kwamfutarka na iya neman wannan adireshin a cikin gidanka, watakila ma ita ce mai shi. Haka kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo, rauta ta sake rabon adireshi, lambar da ka haddace ta kwamfutar akanta jiya ta iya zama taka yau.

Ta huɗu daga wajen masu gyara take. Idan an kwafe faifan ajiyar kwamfuta ɗaya aka zuba wa goma don a huta da girke-girke, kuma akwai AnyDesk a ciki, dukkansu za su tashi da lamba ɗaya, domin lambar tana cikin fayil ɗin service.conf a jakar ProgramData\AnyDesk. Ka kira lambar, ba ka san wacce za ta amsa ba. Maganin shi ne a tsayar da manhajar, a goge fayil ɗin a kowace kwafi, ta samo sabuwar lamba, ko kuma a bar girka ta sai bayan an gama kwafin.

Akwai kuma kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin wata, ta VirtualBox ko Hyper-V. Shiga uwar daga cikin wadda aka ƙirƙira, zobe ne cikakke, ko da yake akwati ɗaya ne a kan tebur.

Idan ka riga ka faɗa

Mataki na farko, ɗauke hannu daga linzami da madannai. Duk abin da ka taɓa ƙara wa zoben abinci kake yi.

Na biyu, duba wane iri ne. Allo ya kulle yana neman kalmar sirri? RDP ne, kuma maganinsa sauƙi: shiga da asusun da kake ciki tun farko. Windows za ta dawo da zaman gabanka, haɗin da ya zagayo ya yanke da kansa. A tagar ta ofis za ka tarar da saƙon cewa an katse haɗi, ka rufe shi, ka rufe mstsc ɗin can. Kada ka kashe kwamfutar da maɓalli, aikin da ba ka adana ba yana nan lafiya a cikin zaman.

Idan madubi ne cikin madubi, danna Ctrl da Alt da Del a madannan da ke gabanka. Wannan haɗin Windows ce ke karɓarsa da kanta, ba ta miƙa shi ga wata manhaja, shi ya sa ya fi Ctrl da Shift da Esc ko Alt da F4, waɗanda tagar za ta iya cafkewa ta aika cikin zoben, har ta rufe maka abin da ba ka yi niyya ba. Daga allon da ya fito zaɓi Task Manager, ka kashe manhajar kallo: tvnviewer.exe idan TightVNC ce, vncviewer.exe ga yawancin sauran. A RealVNC da tsofaffin TigerVNC maɓallin F8 yana fito da jerin zaɓi mai ɗauke da fita daga cikakken allo da katse haɗi, idan tagar tana saurare.

Idan hakan ya gagara kuma zoben tsakanin kwamfutoci biyu ne, zare wayar sadarwa ko ka kashe waifai. Amma a kula: idan kwamfutar kanta ta kira ta 127.0.0.1, wato adireshin localhost, zare waya aikin banza ne, domin saƙon bai taɓa fita daga cikinta ba. Nan dole sai an kashe manhajar.

A Linux, Ctrl da Alt da F3 za su kai ka allon rubutu. Shiga, ka rubuta pkill vncviewer, ko pkill remmina idan ita kake amfani da ita, sannan ka koma allon hoto da Ctrl da Alt da F1 ko F2 ko F7, gwargwadon tsarin.

Bayan zoben ya yanke, danna Ctrl, Alt, Shift da maɓallin Windows ɗaya bayan ɗaya, na hagu da na dama. Sau da yawa an aika saƙon dannawa amma na saki bai isa ba, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu kana riƙe da maɓallin. Mutane kan zaci madannai ne suka lalace su tafi sayen sabbi.

Mafi wuya shi ne lokacin da ba ka gaban ko ɗaya daga cikinsu. Misali kana kan hanya, ka shiga ta gida da waya ta AnyDesk, daga nan RDP zuwa ofis, daga ofis RDP ya dawo gida. Allon gida ya kulle. Idan an girka AnyDesk sosai a matsayin hidimar Windows, za ka ga allon kullen ka sa kalmar sirri. Idan kuwa sauke ta kawai aka yi aka danna ba a girka ba, ba ta da ikon taɓa irin wannan allon, sai ka tsaya kana kallo. A nan ƙofa ta biyu ke ceto. Idan akwai SSH a kan ta ofis, shiga ka rubuta

taskkill /IM mstsc.exe /F

wanda zai kashe haɗin da ya zagayo. Daga wata kwamfuta a cikin sadarwar ofis, da asusun mai iko, qwinsta /server:SUNA zai jero zaman da ke kanta da lambobinsu, tsdiscon da lambar zaman da /server:SUNA ya katse shi ba tare da rufe ayyuka ba. Umarnin logoff shi ma yana yi, amma yana rufe komai, abin da ba a adana ba ya tafi. A bar shi sai ƙarshe.

Yadda za ka tabbatar inda kake

Wannan ɗabi'ar ta daƙiƙa biyar ta fi duk wani saiti amfani. Kafin ka buɗe sabon haɗi daga kowane allo, buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta hostname. Sunan da ya fito shi ne kwamfutar da kake ciki, ko me idonka ya gaya maka. Sannan echo %SESSIONNAME%. Idan ya ce Console, kana kan allon gaske ko ta manhaja mai haska allo. Idan ya fara da RDP-Tcp, ta RDP ka shigo, kuma echo %CLIENTNAME% zai faɗi sunan kwamfutar da ka taho daga gare ta. Idan wannan sunan shi ne inda kake shirin zuwa, dakata. Waɗannan biyun sukan riƙe tsohon bayani a tagar cmd da aka buɗe tun kafin sake haɗi, don haka qwinsta ya fi gaskiya: layin da ke da alamar kibiya a gefen hagu shi ne zamanka.

Don ganin zoben ƙuru-ƙuru:

netstat -ano | findstr ":3389 :5900"

Duba layukan da aka rubuta ESTABLISHED. Idan 3389 tana ginshiƙin adireshi na farko, wani ne ya shigo maka. Idan tana na biyu, kai ne ka fita. Adireshi ɗaya ya bayyana a shigowa da fita duka? Ga zoben nan. Lambar ƙarshen layin ita ce ta manhajar, tasklist /FI "PID eq 4312" zai faɗi sunanta, ka sa lambar da ka gani a madadin wannan. Zoben kwamfutoci uku ba ya bayyana a guda ɗaya, sai ka bi kowacce ka rubuta a takarda wa ya shiga wa. A Linux ss -tnp ne ke yin wannan aikin.

Wannan dubawar ba ta kama AnyDesk da TeamViewer yadda ya kamata, domin sau da yawa ta sabobin kamfanoninsu suke bi, TeamViewer ta ƙofa ta 5938, ko 443 da 80 idan an toshe ta. Adireshin da za ka gani na kamfanin ne. A kansu sai dai ka duba ƙaramar tagar da ke nuna wanda ya shigo, wadda mutane ke son turawa ƙasa su manta da ita.

Toshe hanyar tun kafin

Fara da abin da ido ke gani. Ba kowace kwamfuta launin bango daban, ja ga sabar, shuɗi ga ta ofis, kuma a rubuta sunanta a jiki. Manhajar BGInfo ta Sysinternals tana buga suna da adireshi a bangon da kanta. Sai dai mstsc yakan cire hoton bango don rage nauyi, don haka ka shiga shafin Experience ka sa alama a Desktop background. Kada ka ɓoye shuɗin sandar da ke saman allo, ita ke ɗauke da sunan inda ka shiga. Ctrl da Alt da Home na kai ka gare ta, Ctrl da Alt da Break kuma na fitar da kai daga cikakken allo.

Sannan a yanke doka ɗaya a ofis: haɗi hanya ɗaya yake bi. Kwamfutar ma'aikaci ta shiga sabar, sabar ba ta shiga ta ma'aikaci. Doka a baki ba ta isa ba, a sa ta a katangar tsaro, wato firewall. A kan sabar, cikin PowerShell na mai iko:

New-NetFirewallRule -DisplayName "Hana zobe" -Direction Outbound -Protocol TCP -RemotePort 3389,5900 -RemoteAddress 192.168.10.0/24 -Action Block

ka sa jerin adireshin ma'aikatanka a wurin na misalin. Kwamfutar da ba ta da dalilin karɓar haɗi kuwa, kashe mata karɓar gaba ɗaya a Settings, System, Remote Desktop. Zobe ba ya ƙulluwa idan gefe ɗaya ba ya amsawa.

A TightVNC akwai zaɓin Allow loopback connections, a kashe yake zuwa, kuma da dalili. Masu bututun SSH ne kaɗai ke buƙatar kunna shi, a kan kwamfutar da ake shiga, ba a kan wadda ake zaune gabanta ba. Idan dole ne ka gwada VNC a kan kwamfutarka, kunna View only a manhajar kallo tukuna: madubin zai fito, amma linzami da madannai ba za su haukace ba. A AnyDesk yi amfani da Access Control List, a TeamViewer kuma Allowlist, ka sa lambobin da aka yarda su shigo kawai.

Duba kuma abin da ke tashi da kansa. Rubuta shell:startup a akwatin Run ka ga ko an ajiye fayil ɗin rdp a ciki. Kwamfutoci biyu masu kiran juna da zarar sun kunnu, da kalmar sirri a ajiye, za su ƙulla zobe duk lokacin da wuta ta dawo ba tare da kowa ya taɓa su ba. Umarnin cmdkey /list zai nuna kalmomin da aka ajiye, na RDP suna farawa da TERMSRV, cmdkey /delete:TERMSRV/SUNA ya goge wanda ba a so. A Windows Server, wanda ke ba masu kula zama biyu a lokaci guda, sa iyakar lokaci ga zaman da aka katse ko aka bari ba aiki, a gpedit, wurin saita dokokin Windows, ƙarƙashin Remote Desktop Session Host, sashen Session Time Limits.

Ƙananan zobba da ba a gani

Ko allo bai nuna komai ba, wasu abubuwan na zagayawa. Ma'ajiyar kwafi, wato clipboard, ita ce kan gaba: idan manhajoji biyu suna daidaita ta tsakanin kwamfutoci biyu a lokaci guda, misali RDP a gefe guda AnyDesk a ɗaya, abin da ka kwafa zai yi ta kai da komowa, wani lokaci tsohon ya danne sabo, wani lokaci kwafin ya tsaya cak. Kashe ta a ɗaya daga cikinsu, a mstsc shafin Local Resources ne. Idan ta riga ta maƙale, a kwamfutar da ka shiga rubuta taskkill /F /IM rdpclip.exe sannan ka sake kunna rdpclip.exe. Sauti ma haka, irin kukan da lasifika ke yi idan an kusanto da makirufo: a zaɓi Do not play a ɗaya daga cikin haɗin.

Yawancin masu komawa baya fayil suke son ɗaukowa daga gida, kuma wannan ba ya buƙatar haɗi na biyu. A Local Resources danna More, sa alama a faifan da kake so kafin ka shiga. A cikin ta ofis rubuta \\tsclient\C a mashigin adireshi, faifan gidanka zai buɗe. AnyDesk da TeamViewer suna da nasu wurin aika fayil.

Idan kuma so kake abokin aiki ya ga allonka bayan ka ga nasa, kada ya buɗe sabon haɗi a kan naka. Manhajojin biyu suna da zaɓin Switch sides, wanda ke juya haɗin da ke nan maimakon ƙara wani. A yi shi da wanda aka sani kawai, domin da zarar an juya, linzaminka da duk tagar da ka bari a buɗe, har da ta banki da ta sabar ofis, suna hannunsa. Rufe su tukuna, sannan ka danna.